Darasi Na Goma Sha Huɗu: Wasan Ƙamus

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko a Kano ne ko a Damagaram, ko kuwa a wani ɗan ƙauye da ba a san sunansa ba sai a kasuwar da ke maƙwabtaka da shi, ya san yadda yara kan taru da dare bayan an ci tuwo a yi ta kacici-kacici, wanda ya kasa amsa a ce ya ba da gari, ya ba da Katsina ko Zariya, sa'an nan a warware masa. Wasan da za mu koya a wannan darasi ɗan'uwan wancan ne, sai dai ya fi dacewa da manya waɗanda suka fara riƙe alƙalami, kuma tafiyarsa a juye take. A kacici-kacici siffar abu ake ba mutum a ce ya nemo sunansa. A nan kuwa suna ake ba shi, watau wata baƙuwar kalma wadda bai taɓa ji ba, a jera masa ma'anoni huɗu ko biyar waɗanda ɗaya tak ce ta gaskiya, sauran duk jabu ne da abokan zamansa suka ƙirƙira yanzun nan, a ce ya tsinto ta gaskiyar. Tun da yake ƙamus ne mai raba gardama a cikinsa, za mu kira shi wasan ƙamus.

Ajin da ke zaune a ƙasar Fezzan ta Libiya ya fi kowane aji dacewa da wannan wasa. Tamanhint, inda ajinmu yake, wadda ke arewa maso gabas da Sabha da tazarar kimanin kilomita 30, tana bisa tsohuwar hanyar ayari da ta taso daga Murzuk ta bi ta Sabha da Samnu da Sokna har Tarabulus, kuma tun zamanin da ake kai turkuɗin Kano da jemammun fatu bakin teku a raƙuma, harshen Hausa yake kai da kawowa a wannan yanki. Yau ma Hausawan da neman halali ya tara a gonaki da wuraren gini da kasuwannin Sabha da kewayenta ba daga gari guda suka fito ba: ga mutumin Maraɗi, ga na Tawa, ga na Agadas, ga Bakano, ga Basakkwace, kowa da karin harshensa, kowa da kalmomin da ya sha a nono waɗanda ɗan'uwansa bai sani ba, ga kuma Larabcin Libiya da ya shiga bakin kowa gwargwadon daɗewarsa. Inda aka tara harsuna haka, abin da ya zama tuwon yau da kullum ga wani, baƙon abu ne ga na kusa da shi, saboda haka ba za a rasa kayan wasa ba.

Yadda ake yin sa

Mutum biyar zuwa takwas sun isa. Ana bukatar ƙamus guda, da 'yan takardu masu girma ɗaya da launi ɗaya, da fensir ga kowa. Ɗaya daga cikin jama'a ya zama alƙalin wasa, ya buɗe ƙamus ya zaɓo kalmar da yake kyautata zaton babu wanda ya san ta, ya rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe, ya karanta ta da ƙarfi sau biyu, sa'an nan ya tambaya ko akwai wanda ya san ma'anarta. Wanda ya sani wajibi ne ya faɗa, a sake wata, kuma wannan shi ne wuri guda a cikin wasan duka da ba a yarda da ɓoye komai ba, domin idan amana ta karye a nan, abin da ya saura ɓata lokaci ne kawai. Idan an tabbata babu wanda ya sani, sai kowa ya sunkuya ya rubuta wata ma'ana daga kansa, wadda yake ganin za ta shiga kunnen jama'a, ya sa sunansa a ƙasa, ya naɗe ya miƙa. Alƙali shi ma ya rubuta ma'anar gaskiya a irin takardar, ya gauraya su duka, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da murya guda, ba murmushi ba ƙifta ido, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Daga nan kowa ya faɗi wadda ya zaɓa. Wanda ya dace da ta gaskiya yana da maki ɗaya, wanda kuma aka zaɓi jabunsa yana da maki ɗaya a kan kowane mutum da ya faɗa tarkonsa, idan kuwa duk jama'a suka kauce wa gaskiya, alƙali ne ya ci. Sai ƙamus ya koma hannun na dama da shi, har ya zagaya kowa.

Wanda hannunsa bai faɗa da boko ba tukuna ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya raɗa wa malamin aji a kunne ya rubuta masa. Kada rashin rubutu ya fid da dattijo daga wasan, gama sau da yawa shi ne ya fi kowa sanin tsohuwar Hausa.

Bari mu kawo misali. A ce alƙali ya rubuta kalmar makuba, takardu kuwa suka fito kamar haka:

Ta farko: maƙerin da sana'arsa ita ce ƙera kuba da mabuɗi.
Ta biyu: tarar da alƙali kan ɗora wa wanda dabbarsa ta yi ɓarna a gonar wani.
Ta uku: ɓawon 'ya'yan ɗorawa, wanda ake jiƙawa a shafe bango ko daɓe da ruwansa domin ya yi ƙarfi.
Ta huɗu: ɗan ɗaki mai ƙubba da ake ginawa a bisa kabarin waliyyi.

Magini ko tsohuwar da ta taɓa daɓe ɗaki ba za su yi wata-wata ba, ta uku za su ɗauka, kuma ita ce gaskiya. Amma matashin da ya tashi a gidan bulo da siminti, wanda bai taɓa ganin an yi yaɓe ba, galibi ɗaya daga cikin sauran ukun zai bi, kuma ya kamata mu tsaya mu duba abin da ya ja shi, domin a nan ne karatun yake. Ta farko ta yi masa daɗi saboda ya san kuba, ya kuma san cewa sunayen masu sana'a da yawa da ma- suke farawa, kamar maƙeri da maɗinki da masaƙi da majemi. Da ya ƙara natsuwa kaɗan, da ya lura cewa waɗannan duka da wasalin i suke ƙarewa idan namiji guda ake nufi, ashe ke nan da maƙeri guda ne da ba a ce makuba ba. Ta biyu ta rinjaye shi domin ta yi ƙamshin Larabci, ta tuna masa da uƙuba, ta huɗu kuma ta jingina da ƙubba; alhali uƙuba da ƙubba duka da ƙ mai ƙugiya ake rubuta su, kalmar da ke allo kuwa k ce mara ƙugiya. Wanda ya kiyaye darasinmu na baƙaƙe masu ƙugiya, ga ranar amfaninsa ta zo. Ƙugiyar nan da wasu ke raina ta, suna cewa ai ko ba ita za a gane, ita ce ta raba bari da ɓari, ta raba kafa da ƙafa, kuma ita ce a yau ta tone asirin jabu biyu.

Akwai wani abu kuma da duk wanda ya daɗe yana wasan zai gano da kansa, shi ne cewa ma'anar gaskiya sau da yawa ita ce mafi ƙarancin ado a cikin takardun. Mai ƙirƙira yana so a zaɓe shi, saboda haka yakan yi wa maganarsa kwalliya, ya ambaci sarki ko alƙali ko waliyyi ko wata ƙasa mai nisa. Gaskiya kuwa ba ta da wannan bukata, sai ta zo da ɓawon ɗorawa. Da zarar jama'a sun fahimci haka, sai gwanayen cikinsu su koma rubuta jabu mai sanyi, gajere, mara armashi, irin su “wata ciyawa ce da ke fitowa a fadama” ko “wani ciwo ne da ke kama jakuna”, sai wasa ya ƙara wuya, ya ƙara daɗi. Shi kuma alƙali mai wayo ba ya kwafe lafazin ƙamus yadda yake, yakan sake shi da bakinsa, don kada salon littafi ya fallasa shi.

Wajen zaɓen kalma, kayan ayari da na gona da na gini da na doki taska ce da ba ta ƙarewa: amale, babban raƙumi namiji, akala, igiyar da ake jan raƙumi da ita, salka, jakar fata ta ruwa, mangul, gishirin ƙasar Manga, gayauna, 'yar gonar da mutum kan noma wa kansa ban da gandu, agazari, zafin nan na ƙarshen damina gab da kaka. Sai dai a yi hattara da kalma mai ma'ana biyu. Taguwa raƙuma ce, kuma riga ce. Kurtu na tawada ne, kuma sabon soja ne. Mushe a ko'ina dabbar da ta mutu ba yanka ce, amma a bakin mutanen Nijar akwai wani mushe da aka aro daga Faransanci, wanda ake kiran malamin lakwal, watau makarantar boko, da shi. Idan wani ya rubuta abin da ya ɗauka jabu ne, sai ga shi ya dace da ma'ana ta biyu, ko kuwa mutumin Tawa ya ce a garinsu kaza ake nufi, to, kada alƙali ya yi saurin ƙaryata shi don ƙamus bai kawo ba. A rubuta abin a gefe, a tambayi wani dattijo na wannan ƙasa.

Abin da magabata suka gani

Jarraba mutum da baƙuwar kalma ba sabon abu ba ne a wurin ma'abota ilimi. Malaman luga na Larabawa suna da fanni sukutum da suke kira gharibi, watau kalmomin da ba kasafai ake jin su ba, kuma sanin sa abin alfahari ne ƙwarai a majalisun sarakuna, har ya kai ga wanda aka san shi da shi yakan ji nauyin a tambaye shi ya ce bai sani ba. An ruwaito cewa wasu mutane a Bagadaza sun so su gwada Mubarrad, mai littafin Al-Kamil, wanda ya rasu a shekara ta 285 bayan Hijira, watau 898, saboda ba a taɓa tambayarsa wata kalma ya rasa amsa ba. Sai suka ɗauki wani baiti suna yanka shi bisa ma'aunin aruli, suka ciro ƙarshen wata kalma da farkon mai bi mata suka haɗa, abin ya ba da wani lafazi da babu shi a harshen Larabci, suka je suka tambaye shi ma'anarsa. Nan take ya ce auduga ce, ya kuma kawo baitin waƙa shaida. Mutanen suka fita suna ce wa juna, in gaskiya ya faɗa abin mamaki ne, in kuwa yanzu ya ƙaga baitin, to, mamakin ya fi yawa.

Wadda ta fi wannan shahara ita ce ƙissar Sa'idu na Bagadaza, malamin luga da ya je Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus a zamanin Mansur ɗan Abi Amir, ya rasu a Sikiliya a shekara ta 417, watau 1026. An ce an tambaye shi ma'anar hunfushar, kalmar da ba ta da asali, sai ya ce wata ciyawa ce da Larabawan ƙauye ke daskarar da nono da ita, shi ma ya bi da baiti. A wata ruwayar kuma ba a ambaci sunansa ba, an ce wasu almajirai ne kowa ya kawo harafi guda aka harhaɗa kalmar don a kama wani malami mai amsa kowace tambaya. Ko wacce ce ta inganta, har yau Larabawa na jingina mai da'awar ilimin da ba shi da shi ga wannan kalma, kuma mai yiwuwa wasunku sun ji ta a bakin mutanen Sabha. Abokan hamayyar Sa'idu sun yi ta sukarsa har Mansur ya sa aka jefa littafinsa Al-Fusus a kogi. Amma littafin bai ɓace ba, an buga shi a Maroko a zamaninmu, kuma akwai ilimi na haƙiƙa a cikinsa. A ganina wannan shi ne abin tausayi a labarin. Mutumin masani ne na gaske, sai dai da aka san shi da amsar da ba ta da tushe, sai aka daina gaskata shi har a inda yake da tushe.

A gwada wannan da halin Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, wanda mazhabarsa muke bi mu da mafi yawan mutanen ƙasar nan, ya rasu a Madina a shekara ta 179. An ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48 a zama guda, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage shi da komai ba a idon duniya. Wasan ƙamus yana ba mutum dama ya ɗanɗana matsayin Sa'idu na rabin sa'a, a wurin da babu wanda zai cutu, ya ji da kansa yadda ƙirƙirar amsa take da sauƙi da yadda jama'a ke saurin karɓar ta, la'alla idan ya fita waje ya riƙa jin nauyin yin haka, ya kuma riƙa gane mai yi masa.

Su kuwa almajiran zaure na Kano da Zariya da Sakkwato da suka kai ga karatun Muƙamomin Hariri, mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 516, sun san muƙama ta 32, inda aka jero mas'aloli ɗari na fiƙihu waɗanda amsarsu kan zo kamar ta saɓa wa shari'a, sai an duba a ga cewa kowace tambaya na ɗauke da kalma mai fuska biyu, ta kusa wadda kowa ya sani da ta nesa wadda ita ake nufi. Da irin wannan ne malamanmu suka daɗe suna wasa ƙwaƙwalwar ɗalibansu.

Shin wannan ba ƙarya ba ce?

Lalle a kowane aji za a sami mai tsoron Allah da zai yi wannan tambaya, kuma ta cancanci amsa, gama an yi mana gargaɗi mai tsanani a kan ƙarya ko da ta ban dariya ce. Abin da nake gani shi ne, ƙarya ita ce ka ba mutum labari a kan cewa haka yake alhali ka san ba haka yake ba. A wannan wasa kuwa an riga an yi sharaɗi a gaban kowa cewa takardun nan duka jabu ne ban da guda, babu mai rantsuwa a kan tasa, kuma ba a tashi sai an bayyana gaskiya. Bai bambanta da malamin da ya rubuta amsa huɗu a takardar jarrabawa ya ce a zaɓi daidai ba. Asalin jefa tambaya don gwada fahimta kuwa yana da madogara mai ƙarfi. Buhari ya kawo a Kitabul Ilmi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbansa wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, wadda ya misalta Musulmi da ita, sai hankalin mutane ya tafi ga itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar kuwa ya raya a ransa dabino ce amma ya ji kunyar magana saboda ƙuruciyarsa, har aka faɗa musu dabino ce. Ku da kuke kwana kuna tashi a tsakiyar dabinon Fezzan, ku lura da cewa amsar tana gaban idon mutanen Madina kullum, hankalinsu ne ya tafi nesa.

Duk da haka akwai iyakoki uku da ba a ƙetarewa. Ba a ɗauko kalma daga Alƙur'ani ko hadisi ko sunayen Allah a ƙaga mata ma'ana, ko da wasa. Ba a sa kuɗi ko wani abu a kan maki, don kada ya koma caca. Ba a rubuta ma'anar da ke muzanta wata ƙabila ko gari ko wani da ke zaune a wurin. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba bayan wannan bayani, ya tambayi malaminsa, kafin nan a bar masa alƙalanci, tun da alƙali gaskiya kaɗai yake rubutawa.

Shi kansa ƙamus

Sunan nan ƙamus mun same shi ne daga littafin Fairuzabadi, Al-Ƙamusul Muhiɗ, wanda mawallafinsa ya rasu a Zabid ta ƙasar Yaman a shekara ta 817, littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan duk wani littafi irinsa. Ƙamusun Hausa na boko kuwa yana da alaƙa da hanyar nan da kuke zaune a bakinta. A shekarar 1855 wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami daga baya aka 'yanta shi a Kukawa, ya ratsa Fezzan ta Murzuk zuwa Tarabulus tare da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka fi sani a ƙasashenmu da Abdulkarim. Daga can aka wuce da shi Ingila, inda ya zauna da wani mai suna J. F. Schön yana ba shi labarai da kalmomi, kuma Hausar bakin wannan yaro tana cikin abin da Schön ya dogara da shi a ƙamusunsa na 1876 da littafinsa Magana Hausa na 1885. Dorugu ya komo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912. Bayan wannan aka sami babban ƙamusun G. P. Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, wanda mai shi ya yi shekaru yana zagaya garuruwa yana tambayar malamai da masu sana'a, yana kuma nuna kalmar da ta keɓanta da Katsina ko Sakkwato. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, kuma shi ya fi dacewa da ajinmu idan an same shi.

Abin da ake so a fahimta a nan shi ne, ƙamus ba saukakke ba ne. Mutane ne suka tambayi mutane suka rubuta, kuma ɗan Adam ajizi ne. A shekarar da ƙamusun Bargery ya fito, wani mashahurin ƙamusun Turanci na Amurka, na Webster, ya fito ɗauke da wata kalma, dord, da cikakkiyar ma'anarta, alhali babu ta a harshen: wata 'yar takarda ce da aka rubuta “D or d”, watau babban harafin D ko ƙaraminsa, a matsayin taƙaitawa, mai tsarawa ya haɗe su ya ɗauka kalma ce. Sai a 1939 wani ma'aikacin gidan ya lura cewa ba a faɗi asalinta ba, ya bi sawu, ya tarar ba ta da uwa ba ta da uba. Tambayar da ta tona ta ita ce wadda ya kamata ta zauna a bakin kowane ɗan wasa: daga ina ta fito, wa ya faɗa, a ina aka ji?

Turawa dai sun mai da wannan wasa abin kallo. Gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri a 1965 mai suna Call My Bluff, inda ƙungiya biyu ta mutum uku-uku ke karawa, kowace ta kawo baƙuwar kalma daga babban ƙamusun Oxford da ma'ana uku, ɗaya ce ta gaskiya, shirin kuwa ya yi shekaru da yawa ana yi. A 1984 aka fara sayar da shi a kwali a Kanada da sunan Balderdash. Mu ba mu bukatar sayen komai. Takarda da fensir sun wadatar.

Na ajiye fa'ida mafi girma zuwa nan, domin ta fi shafar baƙo a ƙasar da ba tasa ba. Mutumin da ke zaune inda takardar aiki da ta haya da ta asibiti duka da Larabci suke zuwa, ko ɗan Nijar da takardunsa ke da Faransanci, kullum yana hannun wanda zai ce masa ga abin da kalmar nan take nufi, tafinta ne ko dillali ko abokin ɗaki da ya riga shi zuwa. Mafi yawansu mutanen kirki ne, amma ko na kirkin yakan ji kunyar cewa bai sani ba, sai ya ba da amsar da ta fi kama da gaskiya, da murya mai ƙarfi, mai tambaya kuwa ya dangwala hannu. Wanda ya zauna a wannan aji aka ruɗe shi da makuba a gaban abokansa, aka yi dariya, ya gano cewa ƙarfin murya da daɗin lafazi ba su ne hujja ba, da wuya ya sa hannu a takarda kafin ya nemi mutum na biyu ya karanta masa, ba tare da na farkon yana wurin ba.

Aikin yi

Malamin aji ya raba ɗalibai gida biyu, a yi zagaye uku da kalmomin da ya zaɓo tun daga gida, a rubuta kowace kalma da ma'anarta ta gaskiya a littafin kowa kafin a tashi, don kada wani ya kwana da jabu a kansa. Bayan kowane zagaye, wanda ya faɗa tarko ya bayyana wa jama'a abin da ya ja shi: kama da wata kalma ce, ko ƙamshin Larabci, ko kuwa girman wanda yake zaton shi ya rubuta. Kafin zama mai zuwa kuma, kowane ɗalibi ya nemi dattijo guda daga ƙasarsu, a nan Tamanhint ko a Sabha ko ta waya zuwa gida, ya karɓo kalma biyar na sana'ar gidansu waɗanda yaran yanzu ba su sani ba, ya rubuta kowace da ma'anarta da sunan garin da ake faɗinta, ya kiyaye ƙugiyoyinta. Ku zo da su a naɗe, kada ku nuna wa kowa, domin da su za a yi wasan mako mai zuwa.